Baƙon da Ya Girmi Baba Jatau

"To dibi wayar taka ka gani," in ji Baba Jatau, bai ko ɗago kansa daga cikin keken ɗinkina ba. "Yanzu ni ne babba ko shi ne?"

Na duba. "Har yanzu kai ne, Baba."

"An kira azahar?"

"Ba a kira ba tukuna."

"Shi ya sa. Bari Kamilu ɗan Mamman shi samu inda zai sa caji, ka ga yadda za a maishe ni ƙane." Ya ciro wani ɗan noti daga bakinsa ya ɗaure, ya juya keken da tafin hannu yana saurare. "Zaharaddeen, ni na ga abubuwa a duniya. Amma ban taɓa ganin mutumin da girmansa ke ƙarewa da azahar ba sai ni."

Ni tela ne a Tudun Wada, cikin Gusau, shi kuwa Baba Jatau mai gyaran keken ɗinki ne. Duk telan unguwarmu ya san shi da tsohuwar jakarsa ta fata da gwangwanin madara da yake zuba notina a ciki. Idan ya gama gyara ba ya neman ƙyalle don gwaji, sai ya kamo gefen rigarsa ya tura ƙarƙashin allura. Saboda haka gefen kowace riga tasa layi-layi ne na zare, ja da kore da fari, duk irin zaren da ya tarar a keken mutane. Matarsa ta gaji da faɗa ta bari.

A 'Yandoto ta ƙasar Tsafe aka haife shi, gidan kakanninsa na wajen uwa, domin shi ɗan fari ne, kuma mace gida take komawa haihuwar fari. Ubansa mutumin Bungudu ne, can ya tashi. Noma bai karɓe shi ba. Yakan ce gero idan ya ji shi ne ya shuka sai ya fasa fitowa. Aka kawo shi Gusau koyon ɗinki, nan ma rigar farko da ya ɗinka sai da aka tsaga wuyanta da reza kafin a fito da kan mai ita. Amma duk ranar da keke ya lalace a shagon, sai a ga yaro ya warware yana murna. Maigidansa ya lura, ya ba shi sukudireba ya karɓe almakashi. Tun daga nan yake yawo shago-shago.

Yana da ɗan'uwa, Baba Mamman, ɗan ƙanen ubansa, mai sayar da hatsi a Bungudu. Gida ɗaya suka tashi, akushi ɗaya suka ci. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mako ba, amma Baba Jatau bai taɓa barin ta ta huta ba. Shi ke fara wanke hannu, shi ke fara ɗaukar nama, idan za a tafi masallacin Idi Mamman ke riƙe tabarma. Sun haura shekara sittin a haka, Mamman na ce masa Yaya, yana cin ƙashi. A danginsu kuma babban namiji shi ke ba da auren kowace 'ya, ko ubanta na raye. Tun da dattawan gidan suka ƙare, wannan kujera ta faɗo wa Baba Jatau.

Akwai labarin da kowa ya sani game da shi, domin ba ya mako bai ba da shi ba: labarin ragon sunansa. Wai washegarin Babbar Sallah aka raɗa masa suna, lokacin da duk garin ya ƙoshi da naman layya har mutane na kawar da kai idan sun ji ƙauri. Aka yanka rago mai ƙiba, aka rasa mai ci. Ya ce har karnukan 'Yandoto sai da aka roƙe su.

"Ragon kowa ya mutu da daraja," yakan ce. "Nawa ya mutu a banza."

Wannan rago ne ya jawo masa abin da ya same shi. Bashar, ɗan ƙanwarsa da ke aiki a Kaduna, ya samo wata manhaja ta intanet da ake jera dangi a ciki, kaka a sama, 'ya'ya da jikoki suna sauka kamar rassa. Dangi suka sa mata suna Iccen Bashar. Ya riƙa bugo wa kowa waya yana tambayar ranar haihuwa. Baba Mamman ya amsa nan take: jajibirin Babbar Sallah, shekarar kaza. Da ya bugo wa Baba Jatau, ya same shi da notina a baki, ya ce masa, "Kawu, yaushe aka haife ka?" Baba Jatau ya ga an buɗe masa ƙofa, sai ya shiga labarin rago tun daga ƙaho har wutsiya.

Bashar ya gane ranar suna ce aka ba shi. Amma manhajar waɗanda suka yi ta ba su san suna ba. Gurbi biyu gare ta, ɗaya na haihuwa, ɗaya na baftisma irin ta coci. Ya daɗe yana kallon gurbin na biyu, ya ga ba zai iya saka kawunsa a ciki ba, mutumin da sahun farko ba ya wuce shi. Sai ya zuba ranar a gurbin haihuwa, da niyyar zai gyara daga baya. Manhaja kuwa ta yi lissafinta: an haifi Mamman kafin Sallah, an haifi Jatau bayan Sallah. Ta ɗora Mamman a sama.

Da abin ya tsaya a waya da sauƙi. To, akwai Wasila. Ubanta Garba, wani ɗan'uwansu, ya rasu tana goye, a gidan Baba Jatau ta tashi. Tun tana rarrafe take zubar masa da gwangwanin notina yana tsincewa. Yanzu malamar firamare ce, kuma abokina Yakubu ne zai aure ta. Baba Jatau ya ba da auren 'ya'yan dangi da yawa, amma wannan ne ya kawo mini shadda tun kafin a sa rana, ya ce in yi masa babbar riga wadda ko gefenta ba zai gwada keke a kai ba.

Bashar, don ya nuna asali, ya tura wa dangin ango hoton iccen. Kawun Yakubu tsohon ma'aikacin ofis ne, abin da ya gani a rubuce shi ne gaskiya. Ranar kai goron gaisuwa ga babban gida, ni aka ɗora wa ɗaukar huhun. Na ga mota ta bar Tudun Wada ta kama hanyar Bungudu. Na ce a hankali, ai Baba Jatau ne ya riƙe ta. Kawun Yakubu ya miƙo mini waya ya nuna mini sunan Baba Mamman da yatsa. Baba Mamman ya tarbe mu da sabuwar hula. Ya karɓi goro da hannu biyu, ya yi addu'a doguwa, har ya ce Allah Ya yi wa ƙanensa Jatau albarka.

Da labari ya iso Gusau, Baba Jatau ya buga wa Bashar waya, Bashar ya ba da haƙuri ya ja ranar baya da mako ɗaya. Sai dai tun farko ya ba Kamilu, ɗan Baba Mamman, izinin gyara a iccen don ya taya shi saka mutanen Bungudu. Kamilu ya gani, ya mayar da ita inda take. Bashar yana gyarawa da safe idan ya isa ofis, Kamilu yana mayarwa da rana idan ya tashi daga rumfar ubansa ya sami caji. Bashar bai iya cire shi ba, domin yin haka raba zumunci ne. Dangi suka saba. Mai son gaishe da babba da hantsi sai ya kira Gusau, bayan azahar ya kira Bungudu. Wata gwaggonsu ta aiko da fura, ɗan aike ya makara a tasha, ya duba waya, ya wuce da ita Bungudu.

Wasila ta zo shagona duba ɗinkinta a cikin kwanakin. Na tambaye ta ita wa take so ya ba da aurenta.

"Ka san wanda nake so," ta ce. "Amma in na buɗe baki, Baba Mamman ba zai ƙara cin abincina ba har abada. Su dai daidaita kafin a koma makaranta."

Ana cikin haka, wata safiya Baba Jatau na zaune yana canza mini bel, sai ga Baba Mamman ya shigo da shadda a hammata. Gajere ne mai tumbi, yana tauna goro. Na san goron.

"Tela, babbar riga nike so," ya ce. "Irin ta mai ba da aure." Sannan ya juya kamar yanzu ya lura. "A'a, Jatau, kana nan? Ba ka gaisuwa?"

"Dibi rana," in ji Baba Jatau. "Hantsi ne. Kai ka gaishe ni."

Baba Mamman ya leƙa waje ya dubi inuwa. "Ina kwana, Yaya. Zan jira."

Ya kuwa jira. Ya zauna a benci na auna shi, yana ba ni labarin farashin masara da ba na tambaya. Da aka kira azahar muka yi salla muka dawo, ya ce in duba waya. Na duba, na kasa ɗago kai.

"To, Jatau, miƙo mani buta."

"Mamman, ka ji tsoron Allah. Kai ka san an yanka ragona washegarin Sallah. Ana yanka rago ran da anka haifi mutum?"

"Ragon na yarda da shi, wa zai musa ragon? Kunnuwanmu sun ƙoshi da shi. Abin da ban yarda ba shi ne an cika mako. Baffa, Allah Ya jiƙan shi, mutum ne mai tattali. Wa ya sani ko daren Sallah ka faɗo, ya ga ga rago ɗaure ya yi saura daga layya, ya ce a yi a gama kafin shi ci mashi dusa?"

"Ubana kake cewa marowaci?"

"Na ce mai tattali. Kuma na'ura ba ta da dangi, ba ta da abokin faɗa. Abin da ta gani ta faɗi."

"Na'ura! Ni za ka gaya wa na'ura? Keken nan in ka tura mashi yatsanka ɗinkewa zai yi."

"To kawo shaida. Mutum guda mai rai wanda ya ga zuwanka. In ya ce ka riga ni, in dawo da goro da ƙafata."

Nan Baba Jatau ya hau ƙirga da yatsu. Ungozomar ta rasu, wanzamin ya rasu, duk wanda ya ƙi cin ragon nan ya rasu. Mutum ɗaya ya rage, mahaifiyarsa, Inna Hussaina, tana zaune a 'Yandoto wurin 'yarta Hafsatu, uwar Bashar. Kuma Baba Mamman ya san abin da ya sa ya yi wannan tayin. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido da ido gaban mutane ba. Idan dole ta kama ta ambace shi, sai ta ce "mutanen Gusau". An ce yana yaro ya faɗa rijiyar da ba ta da zurfi, ta je ta gaya wa maƙwabta wai ɗan wani ya faɗa rijiya.

Duk da haka ya amince. Suka yi sharaɗi: za a ɗauki muryar Inna a waya, abin da ta faɗa shi za a saka a iccen, ba ƙari ba ragi, daga nan Bashar da Kamilu su cire hannu. Suka zaɓe ni in riƙe waya tunda ni ba dangin kowa ba ne, kuma rigunansu duka suna hannuna.

Muka shiga motar Tsafe da hantsi don mu je mu dawo da rana. A mota Baba Jatau ya zauna kusa da taga tunda lokacinsa ne.

Mun tarar da Inna a inuwar rumfa tana ɓarar gyaɗa a faranti. Ta tsufa sosai, amma idonta da kunnenta garau. Da ta ga Baba Mamman ta washe baki.

"Mamman na Bungudu! Wanga tumbi duk naka ne, ko hatsin mutane ka ɓoye ciki?"

Ta tambaye shi matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ta taɓa ba Kamilu. Baba Jatau ya durƙusa can gefe ya gaishe ta. Ta dubi katanga ta ce, "An zo lafiya?" Shi ma ya amsa wa katangar.

Su biyun suka dube ni. Na kunna waya, na matsa na durƙusa.

"Inna, tambaya muka zo da ita. Yaushe aka haifi Baba Jatau?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Ta ɓare guda uku ko huɗu. Sannan ta ɗaga murya wajen madafa. "Hafsatu, kawo wa yaron ga ruwa. Rana ta buge shi a hanya, shina magana barkatai."

Na sha ruwan. Na sake gwadawa ta wata hanya, na ce ko ta tuna lokacin da mutanen Gusau suka zo duniya. Ta ce ita ba ta san mutanen Gusau ba sai da suka fara aiko da sabulu. Hafsatu ta leƙo ta ce, "Inna, don Wasila ne fa." Inna ta ce Allah Ya ba Wasila zaman lafiya, ta tura mini gyaɗa.

Baba Jatau na zaune kansa a ƙasa yana murza gefen rigarsa. Baba Mamman kuwa daɗi ya cika shi har ya kasa zama. Da ya yi shiru da ya tafi da goronsa. Amma mutumin da ya yi shekara sittin yana cin ƙashi, ranar da ya ga tsoka ba ya iya haƙuri.

"To Inna, bar wancan. Ni faɗa masu ranar da anka haife ni, waya ta ji."

"Kai ai naka ba abin ɓoyo ba ne," ta ce. "Jajibirin Sallah. Wani mai keke ya zo daga Bungudu da la'asar, ana ta dakan Sallah, ya ce an samu namiji, kai kamar tulu."

"Ka ji ko, tela? Kama da kyau." Ya gyara zama. "Halan ke kika fara zuwa barka."

"Ban zo ba."

"Ba ki zo ba? Haba Inna. Don mi?"

Hannunta ya tsaya a kan faranti. Ta gane inda maganar ta kai ta, amma tsohuwa ce da ba ta iya ƙarya ba.

"Ina da baƙo."

"Wane baƙo ne zai hana ki zuwa barkata?"

"Wani ne."

"Ya zo Sallah?"

"Ya riga Sallah. Ya kwana huɗu ko biyar a ɗakina sannan mai keken ya zo da labarinka."

Baba Mamman ya daina tauna. Hafsatu ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya.

"Mi ne sunan shi?" ya tambaya, murya ta yi ƙasa.

"Sa'an nan ba shi da suna."

"Daga ina ya zo?"

"Ban tambaye shi ba, ba ya magana. Kuka dai, dare da rana. Ba ya cin tuwo, ba ya bari wani shi ci. Ja ne, ga kunnuwa kamar faifai."

Ban so in duba ba, amma idona ya kai kan kunnuwan Baba Jatau. Sun fi kullum ja.

Hafsatu ce ta yi tambayar ƙarshe, tana danne dariya. "Inna, to baƙon ya tafi?"

Inna ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta juya ta a hannu. Ga gyaɗar ta yi magana.

"Bai tafi ba. Ni dai ban gaji da shi ba."

Ta miƙe da kyar ta ce lokacin salla ya yi, ta shige ɗaki ta saki labule.

Muka fita zaure. Kowa a wurin ya san wane ne baƙon, har akuyar da ke ɗaure a bakin ƙofa. Baba Mamman ya goge gumi da hularsa, ya ce, "Ba ta ce Jatau ba."

"Baba," na ce, "ai..."

"Tela, maido muryar ka saurara. Ka ji Jatau a ciki? Sharaɗi munka yi: ba ƙari ba ragi."

Na kira Bashar na tura masa muryar. Ya saurara ya kira mu yana dariya, ya ce to ai magana ta ƙare, bari ya gyara ranar Kawu. Baba Mamman ya karɓe wayar ya ce idan ya taɓa ranar Jatau, Kamilu na nan da caji cike. Abin da Inna ta faɗa shi za a rubuta. Bashar ya ce manhajar ba ta karɓar labari sai an jingina shi ga mutum. Baba Mamman ya ce to a jingina shi ga mai shi. Haka aka buɗe sabon reshe a ƙarƙashin Inna Hussaina. Suna: Baƙo. Wurin haihuwa: 'Yandoto. Rana: kafin jajibirin Sallah. Bashar ya tambayi ranar rasuwa, Baba Mamman ya ce ai ta ce bai tafi ba. Aka bar gurbin fayau. 

A motar dawowa Baba Mamman ya karɓe taga. Ya sa na nuna masa iccen sau biyu, sunansa na nan a saman na Jatau. Ya fasa goro ya rarraba wa fasinjoji, yana gaya musu ƙanensa ne wancan mai kunnuwa. Mun wuce rabin hanya sannan Baba Jatau ya yi gyaran murya.

"Zaharaddeen, wa ke can bisa duka yanzu, cikin maza?"

Na duba. "Baƙo ne, Baba."

"Ya rasu?"

"Ba a rubuta ba."

"To babban gidanmu na raye ke nan." Ya juya ga mutanen motar. "Jama'a, ku raba mu. In babban gida bai samu zuwa ɗaurin aure ba, wa ke tsaya mashi? Ƙanensa da sunka fito ciki ɗaya, ko ɗan baffa?"

Wani dattijo da kaza a cinya ya ce ai wannan ba tambaya ba ce, ciki ɗaya. Wata mata daga baya ta ce ciki ɗaya mana. Direba ya ce ko a tasha haka ne. Duk suna tauna goron Baba Mamman.

"Ai babu wani Baƙo," in ji Baba Mamman. "Sai in sa Kamilu shi goge shi."

"Goge shi. Sai ka koma 'Yandoto ka gaya wa Inna ƙarya ta yi."

"To ai kowa ya san kai ne!"

"Alhamdu lillahi. Tela, kama wannan ma a waya."

Baba Mamman ya kawar da kai. Ya kalli taga har muka shigo Gusau. Da za mu sauka ya ce, "Ban ce komai ba. Baƙo na nan. Amma kai Jatau ƙanena ne, haka icce ya nuna."

"Na yarda," in ji Baba Jatau.

Bayan kwana biyu ya zo Tudun Wada da ƙafarsa, da huhun goro da ya rame sosai. Ya ajiye a ƙofar gidan Baba Jatau ya ce ya kawo wa Yaya Baƙo kayansa, a ajiye masa. Aka fito da tuwo da miyar kuka da nama uku a kai, aka kira ni in sa hannu. Baba Jatau ya fara wanke hannu ya ɗauki tsoka mafi girma.

"Wannan na Yaya ne, ni ke riƙe mashi."

Baba Mamman ya ɗauki na biyu, karo na farko a rayuwarsa da ya riga Jatau. Ya daɗe yana taunawa, yana lumshe ido. Sannan Baba Jatau ya miƙa hannu ya ɗauki na uku.

"Wannan kuma nawa ne, na ƙarami."

Ni miya na sha.

Ranar ɗaurin aure duka biyun suka sa rigunan da na ɗinka, suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Liman bai san da wani icce ba. Ya tambaya wane ne waliyyin amarya, Baba Jatau ya ce, "Ni ne." Baba Mamman ya buɗe baki, na ga ya dubi ɗan'uwansa, ya mayar da shi ya rufe. Shi ya fi kowa ɗaga murya wajen amin. Wasila ta aika wa kowannensu kwanon abinci, ta ƙara na uku ta ce na Baba Baƙo ne.

Har yau yana nan a iccen. Wasu jikokin da ke nesa sun fara tambaya me ya sa ba ya zuwa taron dangi, wata ma ta rubuta a zauren hirar dangi na waya cewa a riƙa sa shi a addu'a duk inda yake.

Makon da ya wuce kekena ya fara tsinka zare, Baba Jatau ya zo. Ya kwance ya ɗaure, ya ɗiga mai, ya kamo gefen rigarsa ya yi layi ɗaya da shuɗin zare. Ya zuba notina a gwangwani, amma bai tashi ba.

"Muryar nan tana nan a wayarka?"

"Tana nan, Baba."

"Kunna in ji ko ba ta lalace ba."

Wannan ne karo na nawa ban ƙirga ba. Na kunna. Ya saurara kansa a ƙasa, ya wuce mai keke, ya wuce kunnuwa kamar faifai. Da ta kai inda Inna ta ce ba ta gaji da shi ba, ya ɗaga hannu.

"Kashe haka nan, kar cajinka shi ƙare."

Ya rataya jakarsa, ya ce akwai keken wata Hajiya a bayan tasha da ke tsallake ɗinki tun jiya, ya sa takalmansa ya fita.